Na Tsallaka Nijar Neman Turanci

Tun da na dawo ba a bar ni na huta ba. A wurin aiki tambaya, a gidan suna tambaya, a zauren wayarmu na 'yan ajinmu kuwa har an laƙaba mini 'Yar Damagaram. Kowa so yake ya ji abin da ya kai ni Nijar ana saura kwana goma in zauna jarrabawar Turanci, ƙasar da ko yaro ya san Faransanci suke yi. Na kuma lura duk wanda na ba labarin sai ya ƙara masa gishiri kafin ya kai gaba, har na ji an ce a kan raƙumi na je. To ga shi a rubuce yadda ya faru, kowa ya huta.

Ni ungozoma ce a wani ƙaramin asibiti a ƙasar Sule Tankarkar, shekarata tara ina karɓar haihuwa. Wata jami'a a Ingila ta ba ni gurbin ƙaro karatu har da tallafi, da sharaɗi guda: in kawo shaidar na iya Turanci. Jarrabawar kashi huɗu ce, sauraro da karatu da rubutu da magana. Ukun farko na haye su lafiya. Ta huɗun ce ta kayar da ni har sau biyu a Kano. Zaunar da kai ake yi gaban mutum ɗaya da na'urar ɗaukar murya, a miƙo maka kati, a ce ka yi magana minti biyu ba tsayawa a kan abin da ke rubuce. Ni da nake tsawata wa mai naƙuda har a jiyo ni a bakin titi, sai in zauna ina kallon katin kamar an ɗaure mini harshe da zare. Jami'ar ta rubuto cewa wannan karon ne na ƙarshe, in ban kawo sakamako ba gurbin ya zama na wani.

Maigidana, Malam Nura, malamin lissafi ne. Shi ya zama mai jarraba ni a gida. Sai ya karanto tambaya daga littafi, in yi ta kame-kame, in na gama ya ce, "Madalla, kin cinye duka." Na gane tausayi ne ke ba da makin, na koma yi wa kaji Turanci a tsakar gida. Kwana biyu da farawa maƙwabciyata ta leƙo ta katanga, ta koma, can sai ga ƙullin hayaƙin aljanu ta aiko mini.

Ana cikin haka Gwaggo Asabe ta zo. Ƙanwar babana ce, fatauci take yi na turaren wuta tsakanin Gumel da ƙauyukan tsallaken iyaka. Ta same ni ina yi wa zakara bayanin amfanin motsa jiki.

Ta ce, "Ke Rabi, wahalar me kike sha haka? Abokin yin Turanci kika rasa? Ai akwai Baturiya can bayan Dungas, a wani ƙauye da nake kai turare. Ta fi shekara ashirin a nan, ita ke riƙe da asibitin mata. Fara sol, hanci kamar biro."

Na ce, "Gwaggo, Baturiyar wace ƙasa ce?"

"Ta ƙasar Turawa mana! Ke da kika yi boko ni za ki tambaya?"

Malam Nura ya ce littafin ma ya faɗa, babu abin da ya kai hira da mai harshen. Ya yarda in bi Gwaggo, amma ya kafa mini sharaɗi: daga ƙofar gida har in dawo, kada Hausa ta fito daga bakina. Na ɗauki alkawari, har da ɗaga yatsa sama.

Ranar Alhamis muka fita, ranar kasuwar Maigatari. Motar da za ta kai mu Gumel ƙarama ce, mu huɗu a baya, ga buhun turaren Gwaggo a cinyata, ga wani rago a but da ya samu kafa ya turo kai yana hura mini numfashi a ƙeya. Direba ya waiwayo ya ce, "Hajiya, a ɗan muskuta a rufe ƙofa." Na amsa masa da Turanci cewa ina iya ƙoƙarina. Wani dattijon Bafulatani da ke gaba ya juyo ya dube ni, ya dubi Gwaggo.

"Ta daɗe a haka?"

Gwaggo ta ce, "Yau da safe ya fara. Wa'adi ta ɗauka."

Ya girgiza kai ya ce, "Allah ya yaye mata."

A tashar Gumel yunwa ta kama ni, na nufi wata mata mai suyar awara. Sai da na tsaya a gabanta na tuna ban san sunan awara da Turanci ba, kuma har yau ban sani ba. Na nuna da yatsa, na ɗaga yatsu biyar. Matar ta ɗauka bebiya ce ni, ta shiga amsa mini da hannu, tana nuna yaji tana ɗaga gira. Da ta gama zubawa ta ƙara mini uku, ta dafa kafaɗata, ta ce wa ta kusa da ita, "Ga kyau ga ƙaddara."

Daga Gumel zuwa Maigatari bayan manyan motocin shanu muka bi. Gwaggo ta san kowa a Maigatari, daga masu canji har dillalan raƙuma, kuma duk wanda ya gaishe ni sai ta riga ni da cewa, "Bar ta, azumin Hausa take."

A bakin iyaka ta ɓangarenmu wani jami'i ya tambayi inda za mu, na amsa da Turanci. Fuskarsa ta washe. Ashe digirinsa a Turanci ne, kuma tun da aka kawo shi nan bai samu wanda zai sauke wa ba. Ya gyara tsayuwa ya buɗe mini famfo. Rubu'in awa guda yana zuba, kalmomi manya-manya irin waɗanda ko a ƙamus sai an sa tabarau. Ban kama ko kashi ɗaya cikin uku ba. Da ya gama na ce na gode, abin da ya iya fitowa ke nan. Na wuce.

Tsallaken ne aka yi ta. Wani jandarma, wato irin 'yan sandansu, yana zaune a rumfa da butar shayi a kan garwashi. Ya ce da Hausa, "Ina zuwa, madam?" Na amsa da Turanci. Ya miƙe zaune ya sake tambaya da Faransanci, na sake ba shi Turanci. Ya karɓi katin shaidata ya duba gaba da baya.

Ya ce, "Suna na Hausawa, baki na 'yan Gana. Katin ga ba naki ba ne."

Gwaggo ta dire buhunta. "Ɗan nan, 'yar wana ce, a hannuna aka yanke mata cibiya!"

"To ta yi Hausa mu ji, Inna. In ba ta yi ba, ga hanyar Maigatari nan."

Na tsaya ina auna alkawari da komawa gida. Gwaggo ta kama naman cinyata ta murɗe. Na ce, "Wayyo Allah! Ranka ya daɗe, wallahi Bahaushiya ce ni."

Ya ce wannan kowa na iya haddacewa. Ya gyara hula ya ce, "Komai nisan jifa?" Na ce ƙasa zai faɗo. "In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta?" Na ce shafa wa naka ruwa. Sannan ya sa ni in faɗi zancen kwaɗo da ƙato da suka je ƙoto, sau uku a jere ba numfashi. Na zubo shi tsaf, masu jiran layi suka tafa. Ya miƙo mini katina da ɗan kofin shayi. A tarihina wannan ce jarrabawar magana ta farko da na ci.

Tunda alkawari ya riga ya karye, na saki bakina. Muka hau a-kori-kura, mata a tsakiya a kan buhuna, maza a gefe ƙafafu na lilo. Mutanen can Hausarmu ɗaya, sai dai wasu kalmomi da za su iya haɗa ka faɗa. Wani mutum mai tsabta da jaka ya hau, kowa ya shiga cewa, "Sannu Mushe, matsa wa Mushe." Na ce a raina wane irin rashin kunya ne wannan, a kira mai rai mushe yana murmushi? Ashe haka suke kiran malamin makaranta. Makarantar kuma lakwal. Asibiti shi ne likita, ginin kansa, don haka in an ce maka an kwana cikin likita kada ka razana. Burodinsu dogo ne siriri kamar sandar makiyayi, a hammata ake riƙe shi, kuma da za a kwaɗa maka na jiya sai ka yi ƙara. Da kwalta ta ƙare muka shiga yashi, sau biyu motar na kafewa, kowa ya sauka turi har Mushe da jakarsa.

Da la'asar muka isa ƙauyen, muka sauka a gidan Hajiya Mariyama, ƙawar Gwaggo. Ta kawo dambun zogale da ƙuli da fura mai kaurin da ludayi ke tsayawa a ciki. Ta kuma ajiye wani abu fari mai faɗi a faranti, na ɗauka kwali ne aka sa don rufe abinci, na ɗora kofina a kai. Cuku ne, busasshen nono, kuma don girmama baƙuwa aka fito da shi. Gwaggo ta janye shi daga ƙarƙashin kofin tana cewa, "Ku yi haƙuri, boko ne."

Da safe na yi wanka na sa atamfata mai kyau, na maimaita gaisuwar da na shirya tun daga gida. Asibitin ɗaki huɗu ne da faifan sola a rufi. A gindin wata bishiya muka tarar da Baturiyar a tsugune, da zani da ɗankwali, tana tsince zogale a tire. Mutanen garin Madam Zainabu suke kiranta, don sunanta na yanka ya gagari bakinsu. Na durƙusa na zuba mata Turancina tun daga sunana har burina na rayuwa. Ban taɓa yin mai tsawon haka ba. Ta saurare ni har na dire, sannan ta juya wajen Gwaggo.

"Asabe, mi ɗiyar ga take cewa?"

Ashe 'yar Italiya ce. Tana jin Italiyanci da Faransanci da Hausa da Fulatanci. Ta ce, "Turancin Ingila kam an koya mini a lakwal ina yarinya, amma tururuwa ta daɗe da kwashe shi."

Gwaggo ta riƙe haɓa. "Au! Wai Turancin ma kala-kala ne?"

Na nemi wani turmi da ke kife na zauna. Kwana biyu sun tafi cikin goma, mota kuma sai ranar kasuwarsu. Hawaye na gab da zubowa Madam ta tambayi Gwaggo aikina. Da ta ji ungozoma ce daga Najeriya mai jin Turancin Ingila, sai ta watsar da zogalen ta miƙe tana tafa hannu.

"Allahu akbar! Wata huɗu muna roƙon Allah ya kawo mana mai Turanci!"

Wasu masu taimako ne suka aiko mata da na'urar da ke tace iska ta ba jarirai, tana nan cikin kwalinta, don littafin da ya zo da ita Turanci ne zalla. Kafin mu kai ga kwalin labari ya zaga gari, layi ya kafu a gindin bishiya. Wani ya kawo saƙon waya da aka ce ya ci mota, na ba shi haƙuri. Wata ta kawo gwangwanin man da take shafawa a fuska tun bara, man goge takalmi ne marar launi. Sarkin pawa, dattijo mai gemu, ya juyo mini bayan rigar sanyinsa ta gwanjo ya ce in karanta masa. An rubuta cewa mai wannan riga ita ce kakar da ta fi kowace kaka a duniya. Na dube shi na dubi jama'a, na ce an rubuta kakan da ya fi kowa. Ya tafi yana taku ɗai-ɗai. Ni da na zo roƙon Turanci, sai ga ni ni ce rumbunsa a ƙasar gaba ɗaya.

Wajen hantsi muna cikin kwance kwalin aka shigo da wata Bafulatana a amalanke, naƙudar wata bakwai. Ni da Madam muka karɓi haihuwar, ba mu buƙaci wani harshe ba. Namiji ne, bai fi tafin hannu biyu ba. Ya yi ɗan kuka sau ɗaya, sai numfashi ya koma ja da ƙyar, ƙirjin na lotsawa, leɓɓan suka fara duhu. Asibiti babba kuwa tafiyar sa'o'i ne cikin yashin nan da muka tura mota.

Muka jona na'urar a batirin sola. Ta kunna jar fitila ta kama ihu, iska ko ɗis. Na buɗe littafin, inda ya yi maganar jar fitila cewa ya yi a kira lambar da ke jikin kwali. Garin kuma babu sabis sai a kan wata jigawa bayan asibitin, inda na Najeriya ke ɗan leƙowa. Na tattare zani na haura da gudu. Gwaggo ta tsaya a tsakiya wajen danga, Madam na ciki ta buɗe taga.

Wani Ba'indiye ya ɗauka. Turancinsa kamar ana suyar gugguru, kafin in kama ɗaya goma sun fashe. Sai abin nan ya zo mini, harshe ya ɗaure, na tsaya baki buɗe kamar ina gaban kati a Kano. Daga nan saman ina jiyo ihun na'urar. Ban san lokacin da na daka masa tsawar da nake yi wa masu naƙuda ba. Na ce ya dakata, jariri ne ke mutuwa a hannunmu, ya yi mini magana ɗaya bayan ɗaya kamar mai hankali. Ya ce to, madam.

Ya ce a duba bayan na'urar akwai ɗan murfi. Na ƙwala wa Gwaggo, "A juya ta, akwai murfi a baya!" Gwaggo ta ƙwala wa taga, "Zainabu, wai ki kwantar da ita ki duba ta kamar mai ciki!" Na ce ba haka na ce ba. Gwaggo ta ce ai ta gane. Kuma ta gane ɗin. A cikin murfin aka tarar da matacin iskar naɗe cikin ledarsa tun daga masana'anta. Aka cire, ihun bai tsaya ba. Ya tambayi wutar da muke amfani da ita, na yi masa bayanin sola da batir, ya ce ba za ta ɗauka ba, na ce za ta ɗauka, na karanto masa lambobin da ke jikin littafinsu, ya yarda. Ya ce a duba kwalbar ruwan da ke gaba. Ashe murfinta a karkace aka ɗaura. Gwaggo ta isar da wannan da cewa, "Wai hularta ta goce!" Ihun ya ɗauke, fitila ta koma rawaya. Ya ce mu jira. Muka jira, ni da shi, ina jin numfashinsa a waya, har ya tambaye ni nauyin yaron da sunan garin, na faɗa masa.

Sai na ji guɗar Gwaggo. Fitila ta zama koriya, Madam ta sa wa yaron robar a hanci, kuma launinsa ya fara dawowa. Na faɗa wa mutumin, ya yi godiya ga Allah da irin tasa, sannan ya ce don Allah in zan sake kira in rage sauri, Turancina ya yi masa gudu. Na duba wayar, minti ashirin da biyu. Na zauna a kan yashi.

Kwana uku na ƙara a garin. Na fassara wa Madam da mataimakanta littafin nan shafi-shafi, suna rubutawa da Hausa. Uban yaron ya kawo mini ƙwaryar nono da zabo mai rai. Da zabon nan a cinyata na tsallako iyaka, jandarman ya gan ni ya ce, "A'a, 'yar Gana, an dawo?"

Ranar jarrabawa a Kano wata mata ce mai tabarau, fuskarta ba yabo ba fallasa. Ta kunna na'urarta ta miƙo kati. Ban san addu'ar wa ta ci ba, amma cewa aka yi in ba da labarin wata na'ura da ta taɓa ba ni wahala. Na fara tun daga amalanke. Na kai inda nake kan jigawa, fitila ta koma rawaya, sai matar ta ɗaga hannu, minti biyu sun cika. Tun da nake ba a taɓa tsayar da ni ina Turanci ba. Ta yi sauran tambayoyinta na amsa, ta kashe na'urar. Na kai bakin ƙofa ta kira ni, ta rage murya ta ce, "Yaron ya rayu?" Na ce ya rayu, har ya fara kama nono. Ta ce to, ta koma kan takardunta.

Sakamako ya fito, na samu makin da ake nema cif, ba ƙari ba ragi. Yanzu takardun tafiya nake haɗawa.

Gwaggo Asabe kuwa ta samu sabuwar sana'a. Ta baza a Gumel da kewaye cewa duk mai jarrabawar Turanci ya zo ta kai shi wurin Baturiyarta. Alhamis ɗin da ta wuce ta tsallaka da mutum biyu, wani malamin gona daga Gagarawa da wata malamar makaranta daga Ɗanzomo. Na same ta na ce, "Gwaggo, ki ji tsoron Allah. Kin fa ji da kunnenki, matar nan ba ta jin Turanci ko kaɗan."

Ta ci gaba da ɗaure buhunta, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Ke da kika je, kin ci ko ba ki ci ba?"